Ƙa'idar sadarwa: abin da ke sa manhajoji su fahimci juna

Ƙa'idar sadarwa, wadda masu Faransanci ke kira protocole, yarjejeniya ce a rubuce da ke fayyace yadda manhajoji biyu da ke kan na'urori daban-daban za su yi musayar saƙo: wa zai fara magana, da wace siffa saƙon zai zo, me kowace lamba take nufi, kuma me za a yi idan saƙon ya ɓata a hanya. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗan Nijar. Duk wanda ya taɓa zuwa taron da gwamna zai halarta ya san ƴan furotokol, masu tsara wanda zai zauna a gaba da wanda zai fara jawabi. Bambancin shi ne mutum yana iya gyara kuskuren ɗan furotokol da hankalinsa, ita kuwa manhaja ba ta da hankalin da za ta yi haka. Abin da ba a rubuta mata ba, ba ta san shi ba.

A ɗauki dillalin albasa a Galmi da ke son tura jika 50 ga ɗansa a Yamai ta wayar salula. Ya danna etuwal, ya sa lambobi, ya rufe da diyez. Kafin ɗan ya ji wayarsa ta yi ƙara, saƙon ya ratsa hannun manhajoji da dama: wadda ke cikin wayar, wadda ke cikin pus, wato sim, ta jikin eriya, ta cibiyar kamfanin waya, wadda ke riƙe da lissafin asusun kowa, da wadda ke aika SMS na shaida. Ba kamfani ɗaya ya rubuta su ba, ba a ƙasa ɗaya ba, ba kuma a shekara ɗaya ba. Masu rubuta su ba su san juna ba. Abin da ya haɗa su kawai shi ne kowa ya karanta takardar ƙa'ida ɗaya ya bi ta.

Cikin gida ɗaya da tsakanin garuruwa biyu

Babbar manhaja ba dunƙule ɗaya ba ce, sassa ne, kowane da aikinsa. Idan sassan suna cikin kwamfuta ɗaya, a cikin shiri ɗaya, maganarsu da sauƙi. Ma'ajiyarsu ɗaya, agogonsu ɗaya. Wannan sashe ya ajiye lamba, wancan ya miƙa hannu ya ɗauka, kamar matan gida ɗaya da ke ɗiba daga rumbu guda. In wutar ta ɗauke, tare za su mutu, babu wanda zai zauna yana jiran amsar ɗan uwansa.

Da zarar an raba su, ɗaya yana cikin waya a Malbaza ɗaya yana cikin babbar kwamfutar kamfani a Yamai, duk wannan sauƙi ya tafi. Babu ma'ajiyar da suka yi tarayya a kai. Abin da ke tsakaninsu sai igiya ko iska, kuma abin da ke bi ta ciki jerin sifili ne da ɗaya, babu waƙafi babu aya. Hanyar tana iya jinkirta saƙo, ta yar da shi, ta kawo shi sau biyu, ko ta kawo na baya kafin na gaba. Ɗayan ɓangaren yana iya mutuwa ba tare da wannan ya sani ba. Wani kuma yana iya laɓewa a tsakani yana saurare. Kowace ƙa'idar sadarwa amsa ce ga ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan matsaloli.

Illela wace?

Matsala ta farko adireshi ne, kuma mutanen Ƙonni sun san ta tun kafin zuwan salula. In ka ba direba saƙo a tasha ka ce ya kai Illela, sai ya tambaye ka wace: Illelar Nijar da ke arewa ta wajen Tawa, ko Illelar jihar Sakkwato da ke ƙetaren iyaka? Direba yana tambaya. Na'ura ba ta tambaya, don haka dole adireshinta ya zama wanda ba ya da ma'ana biyu.

Kowane pus yana ɗauke da wata lamba ta ɓoye wadda ba ita ce lambar da ake kiran ka da ita ba. Lambobi uku na farkonta suna nuna ƙasa: 614 Nijar, 621 Najeriya. Shi ya sa in ka matsa kusa da iyaka wayarka ta kama eriyar wani kamfanin Najeriya, nan take kamfanin zai gane baƙo ne. Sai cibiyarsa ta aika tambaya zuwa rajistar kamfaninka na gida, ta wata tsohuwar ƙa'ida ta kamfanonin tarho mai suna SS7: wannan naku ne, an yarda ya yi kira? In akwai yarjejeniya tsakanin kamfanonin biyu, layi ya buɗe, kuma kuɗin kiran ya zama na wanda ke ƙasar waje ko da mutum yana zaune a ƙofar gidansa.

A intanet, adireshin shi ne lambar IP. Tsohon tsarinta yana da gurbin adireshi kusan biliyan 4.3, waɗanda suka yi wa duniya kaɗan, abin da ya sa aka fito da sabon tsari na IPv6. Hukumar da ke raba waɗannan lambobi a Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Moris. Da yake mutum ba ya iya haddace lambobi, an ƙirƙiro ƙa'idar DNS a 1983 domin ta riƙa mayar da suna lamba. Sunayen da suka ƙare da .ne na Nijar ne, masu .ng na Najeriya. Harafi ɗaya ne tsakani. Bayan adireshin na'ura akwai kuma lambar ƙofa, domin kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da manhajoji da yawa masu jiran baƙi: ƙofa ta 443 ta shafukan intanet masu kariya ce, ta 53 ta DNS.

"Ɗari" nawa ne?

A nan ne aikin ya fi wuya, kuma a nan ne aka fi yin asara. Saƙo yana iya isa lafiya lau, babu harafin da ya faɗi, amma a fahimce shi a baibai.

A kasuwar Ƙonni in mai tumatir ta ce ɗari, dala ɗari take nufi, wato sefa 500, tunda dala ɗaya sefa 5 ce. Ka ƙetara zuwa kasuwar Illela, ɗari naira 100 ce. Kalma ɗaya, Hausa ɗaya, kuɗi biyu. Ƴan kasuwa ba sa ruɗewa domin sun san inda suke tsaye. Manhaja ba ta san inda take tsaye ba sai an faɗa mata.

Ƙa'idar da na'urorin cire kuɗi da katunan banki suka daɗe suna aiki da ita, ISO 8583, ta warware wannan da tsauri. Gurbi na 4 na saƙon shi ne na adadin kuɗi, lambobi 12, babu ɗigo babu waƙafi. Gurbi na 49 shi ke faɗin irin kuɗin: 952 sefar yammacin Afirka, 566 naira. Akwai kuma wani tarko. Naira tana da kwabo, don haka lambobi biyu na ƙarshe kwabo ne. Sefa ba ta da ƙaramin kuɗi a lissafin banki. Saboda haka 000000050000 sefa dubu 50 ce idan gurbi na 49 ya ce 952, amma naira 500 ce kacal idan ya ce 566. Manhajar da ta manta da wannan doka za ta ninka kuɗin mutum sau ɗari ko ta rage shi sau ɗari, kuma ba za ta ga ta yi laifi ba. Ko lokaci sai an yi yarjejeniya a kansa: ƙarfe 12 na rana a Ƙonni ƙarfe 11 ne a Dakar, inda hedikwatar babban bankin BCEAO take.

Kada a ɗauka ƙananan ma'aikata kaɗai ke faɗawa wannan rami. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter bayan ya yi tafiyar wata tara. Wata manhaja tana ba da ƙarfin turin inji da ma'aunin Ingilishi, wadda ke karɓa tana ɗauka ma'aunin mita ne. Lambobin suna isa daidai, sai dai kowace ta yi ƙasa da yadda ya kamata fiye da sau huɗu. Mai auna da tiya ne ya haɗu da mai auna da mudu, babu wanda ya tambaya.

Mai rubuta Hausa yana gamuwa da irin wannan kullum. Wataƙila mai karatu ya taɓa buɗe wani shafi ya ga an rubuta Æ™asa a maimakon ƙasa, ko É—aya a maimakon ɗaya. Ba ɓatancin hanya ba ne. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta na ASCII, wanda aka yi a Amurka a 1963, ba shi da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ. Tsarin Unicode ne ya ba su lambobi, kuma a salon rubutunsa na UTF-8 harafin ƙ yana cin bayit biyu. In mai aikowa bai faɗi salon da ya yi aiki da shi ba, mai karɓa sai ya karanta kowane bayit a matsayin harafin Turai mai zaman kansa. Shi ya sa ƙa'idar shafukan intanet, HTTP, ta tanadi layi a kan saƙo inda ake faɗin salon haruffa tun kafin a fara zuba rubutun.

A SMS kuwa abin har aljihu yake taɓawa. Saƙo ɗaya bayit 140 ne. Da haruffan da ƙa'idar GSM ta tanada, waɗanda suka haɗa da é da è da à na Faransanci, yana ɗaukar harafi 160. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin jerin. Da ka sa ƙ guda ɗaya, yawancin wayoyi sai su koma wani salo da ke ɗaukar harafi 70 kawai, saƙon da zai tafi a ɗaya ya rabu biyu ko uku, a caje ka kuɗin kowane. Turawa ne suka zauna suka rubuta ƙa'idar a shekarun 1980, kuma babu Bahaushe a teburin. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau ake rubuta "kasa" a bar mai karatu ya zaɓi ko ƙasa ce ko kasa.

Sallama, lissafi da maimaici

Kafin manhajoji biyu su fara zance a intanet, sukan yi sallama. A ƙa'idar TCP matakai uku ne: mai nema ya ƙwanƙwasa, mai gida ya amsa ya nuna ya ji, mai nema ya tabbatar da ya ji amsar. Sai bayan haka kaya su fara tafiya.

Ba a tura babban saƙo a dunƙule. Ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane bai cika wuce bayit 1,500 ba. Hoto mai nauyin mega 3 ya kai ƙunshi 2,000. Kamar a ce an loda buhunan albasa 2,000 daga Galmi zuwa Abijan a motoci daban-daban, wasu ta wannan hanya wasu ta waccan. Aikin ƙa'idar IP shi ne kai kowane buhu inda aka rubuta a jikinsa, ba ta yi alkawarin zai isa ba. TCP ce ke sa wa kowane lambar jeri, ta sa mai karɓa ya riƙa shaida abin da ya iso, ta sake turo wanda ya ɓata, ta jera su yadda aka taso da su. In ta ga buhuna suna yawan faɗuwa sai ta rage gudu, don ta fahimci hanya ta cushe. Wannan shi ne abin da ke faruwa lokacin da rezo ya yi rauni, hoto yana buɗewa a hankali amma a ƙarshe ya fito cikakke.

Ba kowane saƙo ke son wannan kulawa ba. A kiran murya ta intanet, kalmar da ta makara da daƙiƙa biyu ba ta da sauran amfani, don haka akan bi ta ƙa'idar UDP, wadda ba ta jira ba ta maimaitawa. Shi ya sa murya ke yankewa ta ci gaba, ba ta tsaya ta dawo da abin da ya wuce ba. Alamomin da ke gefen saƙon WhatsApp ma shaidu ne irin waɗannan, an dai fito da su fili: ɗaya, saƙo ya isa kwamfutar kamfani, biyu, ya isa wayar mutumin, in sun yi shuɗi, ya buɗe.

Kuɗi sun fita, ba su shiga ba

Ga tambayar da ta fi kowace wahala a wannan fanni. Manhaja ta aika umarni a cire kuɗi, ta jira, shiru. Me ya faru? Ko umarnin bai isa ba, ko ya isa an aikata amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa. Daga inda take tsaye, ba ta da hanyar bambance biyun. In ta sake aikawa, ana iya cire kuɗin sau biyu. In ta haƙura, wataƙila ba a cire ko sau ɗaya ba. Masana sun nuna cewa matuƙar hanya tana iya yar da saƙo, babu adadin "na ji" da "na ji ka ji" da zai kawar da shakkar gaba ɗaya, domin shaidar ƙarshe ita ma tana iya ɓata.

Abin da ƙa'idoji ke yi shi ne rage ɓarnar. Kowace hulɗa ana ba ta lambar da babu mai irinta, ta yadda in umarni ɗaya ya iso sau biyu mai karɓa zai gane shi ya aikata sau ɗaya. Ana kuma ƙayyade lokacin jira. A ISO 8583 saƙon neman kuɗi yana farawa da 0200, amsarsa 0210. In amsar ba ta zo cikin lokaci ba, na'urar tana tura saƙon sokewa, mai farawa da 0400 ko 0420, a mayar wa mutum kuɗinsa. In shi ma saƙon sokewar ya maƙale, sai an jira lokacin da ɓangarorin biyu za su gwada littattafansu, abin da ke sa wani lokaci kuɗi su kwana kafin su dawo. Saboda haka doguwar lambar nan da ke cikin SMS na shaida ko a kan rasit ba ado ba ce. Da ita ake gano inda kuɗin suka tsaya. Wanda kuma ya ga shiru ya yi sauri ya sake dannawa daga farko, sabuwar hulɗa ya buɗe da sabuwar lamba, kuma ƙa'ida ba za ta hana a cire masa sau biyu ba.

Hawa-hawa

Ba ƙa'ida ɗaya ke yin duk wannan ba. An jera su hawa-hawa, kowace tana dogara da ta ƙasanta ba tare da ta san cikinta ba. Ta ƙasa tana kula da iska ko igiya, IP tana kula da hanya, TCP da cikar kaya, TLS tana rufe saƙon da makulli ta kuma tabbatar da cewa shafin bankin da ka shiga na bankin ne, HTTP tana can sama tana faɗin abin da ake nema. Amfanin wannan jeri shi ne ana iya canja hawa ɗaya a bar sauran. An tashi daga 3G zuwa 4G ba a sake rubuta shafukan intanet ba. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka wallafa tushen tsarin a 1974, kuma ranar 1 ga Janairun 1983 cibiyar ARPANET ta Amurka ta koma kansa gaba ɗaya. Lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka katse a gaɓar Kodebuwa ranar 14 ga Maris 2024, intanet ta yi rauni a ƙasashen yammacin Afirka da dama, amma wata ƙa'ida mai suna BGP ta riƙa sanar da kamfanoni hanyoyin da suka rage, aka karkata ta can gwargwadon abin da za su iya ɗauka.

Wa ke riƙe da takardar?

Mai adireshin Gmail yana rubuta wa mai Yahoo, mai layin Airtel yana tura SMS ga mai Moov ko Zamani, domin ƙa'idojin a buɗe suke, kowa na iya karantawa ya bi. Mai WhatsApp kuwa ba ya iya tura saƙo ga mai Telegram. Ba gazawar fasaha ba ce, kowane kamfani ne ya riƙe ƙa'idarsa. Haka aka daɗe ana fama a harkar tura kuɗi: kowane kamfani da tsibirinsa, sai mutum ya cire a wannan shago ya taka zuwa wancan ya zuba, ya biya lada sau biyu. Najeriya ta haɗa bankunanta da tsarin tura kuɗi nan take na NIBSS tun 2011. A yankin sefa, BCEAO ya ƙaddamar da dandalin PI-SPI ranar 30 ga Satumban 2025, wanda aka gina kan ƙa'idar ISO 20022, domin bankuna da kamfanonin kuɗin salula da ƙananan cibiyoyin bashi na ƙasashen UEMOA takwas su riƙa magana da harshe ɗaya.

A duwan ma labarin ke nan. Jami'an duwan na Nijar suna aiki da manhajar SYDONIA, wadda hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, CNUCED, ta ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Kwastam na Najeriya suna da tasu manhajar daban. Ko ƙasashe biyu masu SYDONIA iri ɗaya ba sa ganin bayanan juna haka kawai, sai an tsara saƙon da zai riƙa tafiya tsakaninsu. Wannan shi ne aikin SIGMAT, tsarin da aka fara aiki da shi a yankin a 2019, wanda ke sa ofishin da kaya suka taso ya aika bayanin mota da lodinta zuwa ofishin da za su sauka tun kafin motar ta iso. Inda babu irin wannan haɗi, takardar da ke hannun direba ita ce ƙa'idar, kuma sai wani ma'aikaci ya sake buga abin da wani ya riga ya buga, motoci suna jere a rana.

Sai dai ƙa'ida tana faɗin yadda za a yi magana ne kawai, ba ta tilasta wa kowa ya yi ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka sa wa Nijar takunkumi, igiyoyi suna nan, manhajoji suna nan, babu harafin da ya canja a takardun ISO, amma hulɗar kuɗi da maƙwabta ta tsaya, aka kuma rufe iyakar Ƙonni da Illela. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, iyakar ta buɗe a watan Maris. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairun 2025 amma tana cikin UEMOA, don haka gurbi na 49 na saƙon da na'urar cire kuɗi ke turawa daga Ƙonni har yanzu 952 yake ɗauke da shi.